Rakiyar ɗiyar fari zuwa gasar tele

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro. Tun da muka dawo daga Sakkwato, duk wanda ya shigo shagona, ko ɗinki ya kawo ko inuwa ya biyo, sai ya ce, "Malam Sa'idu, yaya anka ƙare?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. Ba rowar labari nake yi ba. Ban san ta inda zan kama shi ba ne. Akwai wurin da ya shafi ƙanena, in na faɗa ina tsoron na tona masa asiri, in na tsallake kuma ina tsoron na yi ƙarya. Ga shi karatuna bai wuce lakwal ta farko ba, wato ƙaramar makarantar boko. Sai da na je na nemi izininsa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Rubuta, Yaya. Ai an riga an ji." Har yanzu ban tabbata ko izini ne wannan ko fushi ba, amma na ɗauke shi izini, Allah ya yafe mini in na yi kuskure.

Ni tela ne a wani gari kusa da Buza. Ƙanena Lawali dillalin albasa ne, yana da ɗiya ta fari, Balkisa, tana ajin ƙarshe na lakwal. Kun san yadda muke da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi gaban mutane. Tun da aka yaye Balkisa a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ta tashi. In Lawali zai yi maganarta sai ya ce "waccan", in zai kira ta ya ce "ke". Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

Yarinyar Allah ya ba ta kai. Malaminsu, Mushe Idi, shi ya fara lura. In ana lissafin buhuna a fadama, kafin maza su lalubo salula daga aljihu ta faɗi amsa. Abin da ta ji sau ɗaya kuma ya zauna. Ga surutu. Inna har rediyo take kiranta, don tun daga rijiya ake jin muryarta tana tambayar abin da ya sa jaki ba ya da ƙaho.

Wata tafiya da Lawali ya yi, sai wani ya tura masa guntayen bidiyo na wani shiri da wata tashar tele ta Sakkwato ke yi, inda ake tara yara masu ƙwaƙwalwa daga ƙasarmu da Najeriya ana yi musu tambayoyi da Hausa. Ya sa Mushe Idi ya ɗauki Balkisa tana lissafi, aka aika. Da suka kira suka ce a kawo ta, daga ranar gidan ya canza.

Ya hana ta zuwa rijiya da ƙawayenta, ya hana ta gaɗa. Aka shiga ba ta dabino da zuma da ƙwai, wai suna buɗe kai. Bayan asuba tambaya, bayan lakwal tambaya, bayan la'asar tambaya. Kuma da yake ba zai zauna ya fuskance ta ba, sai ya juya mata baya, ya jefa tambayar ga bango, ita kuma ta amsa daga bayansa. In ta yi daidai ya yi shiru ya wuce ta gaba. In ta kuskure ya ce wa bangon, "Sake." Haka aka yi ta yi har rediyon Inna ta mutu. Ba wai ta daina magana ba. In ka tambaye ta za ta amsa. "Kin ci?" "Na ci." Amma ta buɗe baki da kanta ta ce wani abu, ko ta tambayi wani abu, wannan ya ƙare.

Yadda na shiga tafiyar kuwa, masu shirin sun ce kowane yaro sai uba ko uwa sun tsaya bayansa, su faɗi sunansa su gabatar da shi. Lawali ya zo shago ya ce, "Yaya, kai za ka tsaya. Ni in zauna cikin mutane. Ka taya mu addu'a ta ci." Na ce to. Ranar tashi kuma Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai Tela, ni ban san tele ba, ban san gasa ba. Da bakinta na ba ku ita. Ka maido mini ita da bakinta." Na ce to. Sai da mota ta tashi na gane ban san ko waɗannan "to" biyu hanya ɗaya suka nufa ba.

Daga Buza zuwa Madawa motar kasuwa muka shiga, mu da kaji da wani ɗan akuya da ya ƙi jinin hulata. Ba mu yi nisa ba na tuna dutsen guga. Na zubar da garwashin ko ban zubar ba? Na ga kaina ina zubarwa, amma ban san ko na jiya nake gani ba. Shago cike da yadudduka na mutane. Na kira maƙwabcina, layi ya ƙi shiga. Muna hawan dutse ina kira, muna gangarowa ina kira, har ya ɗauka ya ce, "Malam Sa'idu, gabana ka zubar, har ka zuba ruwa, ka dawo ka sake zubawa." Na ji sanyi, amma ba duka ba.

Lawali yana gaba kusa da direba, bai waiwayo ba, yana jefo tambayoyi ta gilashi. Jihohin Najeriya da manyan biranensu, koguna, annabawa, lissafi. Fasinjoji suka ga abin sha'awa, kowa ya shiga kawo tasa. Wata tsohuwa mai tabarmi da ke gefenmu ta gaji ta ce, "Wagga yarinya alƙali za ta zama ko mi? Ku bar ta ta ga hanya."

Lawali ya ce wa tsohuwar, "Inna, hanyar na nan, ba ta zuwa ko'ina."

"Ita ma amsar na nan, ba ta zuwa ko'ina," in ji tsohuwar. Ta ciro ƙuli-ƙuli ta damƙa wa Balkisa.

A nan na lura da wani abu, har na ji daɗi. Duk wanda ya yi mata tambaya, ko ta san amsar tun daga farkon magana, sai ta jira ya kai ƙarshe, ta ɗan sunkuyar da kai, ta bar numfashi ɗaya ya wuce, sannan ta amsa. Ni na koya mata wannan tun tana ƙarama tana zama a shago: babba na magana ba a shiga bakinsa. Na ce a raina, ko ba komai mutanen Sakkwato za su ga tarbiyya.

A Madawa mun sauka gidan wani abokin cinikin Lawali. Suka karrama mu da dambun zogale da fura mai kyau. Balkisa tana cikin mata, na aika mata rigar da na ɗinka don gasar ta gwada. Aka fito da ita in gani, sai na ga riga na rataye a jikinta kamar a kan ƙusa. Ni na auna ta da hannuna kafin a fara wannan karatu, kuma ban taɓa kuskuren awo irin haka ba. Na sake aunawa. Ba awon ba ne, yarinyar ce ta ragu, duk da zumar da ƙwan. Na shiga kasuwa na roƙi wani tela aron keke na rage rigar. Ina ɗinki ina tunanin in gaya wa Lawali. Da na dawo na ce, "Rigar ta yi mata yawa." Ya ce, "Ai ka gyara." Maganar ta tsaya nan.

Da safe muka hau kwalta muka nufi Kwanni. A Galmi ƙanshin albasa ya shigo mota, Lawali ya manta da kowa ya leƙa taga yana tambayar yadda buhu ke fita. Ɗan wannan lokaci da aka ƙyale ta, Balkisa ta jingina da kafaɗata ta yi barci. Na riƙe numfashi kada in tashe ta.

A iyaka ne muka yi abin kunya na farko. Ɓangarenmu ba matsala. Can ɓangaren Illela wani saurayin ma'aikaci, da alama ba ɗan wajenmu ba ne don Hausarsa a tsattsaye take, ya karɓi takardu ya duba ya ce wa Lawali, "Kai ne babanta? Yaya sunanta?"

Lawali ya dubi sama ya ce, "Yana cikin takardar."

"Na san yana ciki. Kai nake tambaya."

Na yi sauri na ce, "Balkisa, ranka ya daɗe."

"Kai kuma wane ne?"

"Babanta ne ni."

"To babanta nawa ne?"

Na fara bayani, na ce ni ne babba, shi ya haife ta, amma uwarmu ta riƙe ta. Ina ƙara bayani fuskarsa na ƙara ɗaurewa, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa ne ya tabbata ba sato yarinya aka yi ba. Ya ce wa Balkisa, "Nuna mini babanki." Ta sunkuyar da kai, ba ta nuna kowa ba. Ni zufa ta riga ta jiƙa mini riga, na fara tunanin wa zai gaya wa Inna an tsare mu. Sai wani dattijo cikinsu da ke zaune kan benci ya yi dariya ya ce, "Ta fari ce, ko?" Lawali ya gyaɗa kai. Dattijon ya ja saurayin gefe ya yi masa bayani. Saurayin ya miƙo takardun yana girgiza kai ya ce, "Ka haifi ɗiya, ka raɗa mata suna, ka yanka rago, sannan ka ƙi faɗa?"

Sakkwato gari ne mai yawan hon na motoci. Kekuna masu ƙafa uku suna shiga duk inda suka ga rami. Masu shirin sun sauke mu a wani masauki mai bene. Ɗakin da madubi har a jikin ƙofa, banɗaki kuma na zama ne kamar kujera, na daɗe tsaye ina tunanin yadda mutum zai kare tsarkinsa. Alƙibla na tambayi mutum uku, biyu suka nuna wuri ɗaya, na ukun ya ɗan karkata, sai na raba tsakani. Shayinsu ba irin namu ba ne da ake zama a dafa a sake dafawa ana hira. Babban kofi ne cike da madara, ka shanye da burodi ka tashi. Furar da na saya kuwa an cika ta da sukari har ba ka jin hatsin. Amma mutanen kirki ne, duk wanda ya ji harshenmu sai ya ce, "Mutanen Adar, sannunku da hanya," ya yi mana kwatance har da rakiya.

A masaukin na haɗu da wata Hajiya da ɗanta Kamal, shi ma gasar ta kawo su. Irin wannan uwa ban taɓa gani ba. "Kamal zo, Kamal zauna, Kamal ɗina." Ta shafa kansa, ta sumbaci goshinsa gaban kowa. Na tambaye ta a hankali ko na tsakiya ne cikin 'ya'yanta. Ta ce, "Na fari ne." Ban san inda zan sa idona ba. Na ce a raina wannan yaro ya ji daɗi. Sai kuma na ga yatsunsa, ya cinye farce har nama, kuma ranar gasar na gan shi yana amai bayan bene, uwar na tsaye da ruwa tana ce masa, "Gama maza, mu sake bin lissafin." Daga nan ban ƙara sanin wa ya fi wani jin daɗi ba, shi ko tamu.

Akwai abin da na ga suna yi wanda ya ɗaure mini kai. Ta ajiye murfin kular abinci gabansa, tana karanta tambaya, kafin ta kai rabi sai ya kai wa murfin mari. In ya makara ta ce, "Ka mutu, an riga ka." Na zaci wani magani ne aka ba su, ko yaron na da wata lalura. Na so in tambaya, na ga ba kyau. Na gaya wa Lawali, ya ce, "Sha'anin 'yan birni na, Yaya." Guntayen bidiyon da ya gani ba murfi ba mari, yaro ne kawai ake tambaya yana amsawa.

Ɗakin da ake ɗaukar shirin sanyi gare shi kamar randa, ga fitilu na dukan ido. Wata yarinya ta zo da hoda za ta shafa mini, na ce ina da alwala. Ta ce ba ta karyawa. Na bari, amma raina bai kwanta ba. Aka jera yara, kowane da tebur gabansa da babba bayansa. Lawali yana can cikin 'yan kallo, ina hango hularsa.

Mai gabatarwa, wani mai fara'a da babbar riga, ya iso kanmu ya ce, "Baban yarinya, gabatar mana da ita."

Na ce, "To, ni dai gaskiya ba ni na haife ta ba, amma babanta ne, domin ni da mahaifinta..."

Wani daga cikin duhu ya ce a tsaya. Mai gabatarwa ya dafa ni ya ce, "Baba, ka ce kai ne babanta kawai."

"Kar mutane su ɗauka ni na haife ta."

"Ba wanda zai bincika."

"Allah na gani."

Ya yi dariya ya ce to in faɗi yadda zan iya. Na ce, "Wannan Balkisa ta, ɗiyarmu, daga Adar." Aka ce ya yi.

Zagayen farko kowa da tasa tambaya, bi da bi. Nan kam Balkisa ta nuna abin da Allah ya ba ta. Aka ce sha bakwai sau ashirin da uku, ta jira ya rufe baki, ta sunkuyar da kai, ta ce ɗari uku da casa'in da ɗaya. Aka nuna musu hotuna masu yawa aka ɗauke, ta jero su yadda suke har da launin tsuntsun da ke ƙarshe. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Na duba wajen Lawali, kowa na tafi shi yana kallon takalminsa, yadda ya kamata. Amma na ga kunnuwansa sun ɗaga, irin na mai ɓoye murmushi.

Sai aka shigo da wasu jajayen maɓallai kamar murfin kula, aka ajiye gaban kowane yaro. Mai gabatarwa ya ce yanzu tambaya ɗaya ce ga kowa, wanda ya riga taɓa maɓalli shi zai amsa, kuma ba sai an jira ya gama karantawa ba. A lokacin na gane murfin Hajiya.

Ya fara, "Idan manomi yana da buhu..." Kamal ya kai mari. Ya fara wata, wata yarinya ta kai mari. Wani lokaci su faɗi daidai, wani lokaci su kuskure don ba su ji ƙarshen ba, amma dai su ke magana. Balkisa hannunta na gefen maɓalli a kwance. Ina bayanta ina ganin gefen fuskarta, leɓenta na motsi da amsa, amma tana jira mutumin ya kai ƙarshe, shi kuwa ba a barinsa ya kai. Makin da ta tara ya tsaya, na sauran na hawa.

Da aka ba da hutu Lawali ya tare ni bakin ƙofa, ya riƙe mini hannun riga, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, gaya mata ta katse shi."

"Ta katse babba yana magana?"

"Nan haka aka yi. Ba ka gani ba?"

"To kai ka gaya mata mana."

Ya sake ni, ya dubi inda take zaune, ya dubi mutane. Ya ce, "Kai dai gaya mata."

Na je na durƙusa gabanta. Abin da na ce, ga shi yadda na tuna: "Babanki ya ce ki taɓa kafin mutumin ya gama. Ba rashin kunya ba ne. Wato rashin kunya ne, amma nan an yarda. Nan kawai. In mun koma gida ki bari. Kuma in kin ga ba ki iyawa, to, amma ki yi ƙoƙari." Ta dube ni ta ce, "To." Ni kaina da aka gaya mini wannan magana ban san abin da zan yi da ita ba.

Aka koma. Yanzu ta ɗora hannun bisa maɓallin. Mutumin ya fara, yatsunta su lanƙwashe kamar za ta danna, sai ta tsaya, wani ya riga ta. Haka har mai gabatarwa ya ce saura tambaya ɗaya, kuma in Balkisa ta same ta za ta wuce zagaye na gaba da makinta na farko. Ya fara karantawa. Lissafi ne, irin wanda take yi tana wanke kwano.

Sai murya ta taso daga cikin 'yan kallo: "Balkisa! Taɓa, Balkisa!"

Ta ɗauke hannu daga maɓallin ta juyo. Ni ta fara duba, ta zaci ni ne. Ta ga bakina a rufe. Sai ta juya wajen mutane tana neman mai muryar, ta same shi tsaye shi kaɗai cikin na zaune, hannunsa a miƙe. Suka dubi juna. Ban san tsawon lokacin ba. Kamal ya mari maɓalli ya ba da amsa, aka yi ta tafi, ita ba ta ko waiwaya ba.

Mai gabatarwa ya ce, "Wannan bawan Allah ya fi masu gasar zumuɗi." Aka yi dariya. Su a wurinsu wani mutum ne ya kira sunan wata yarinya. Lawali ya zauna a hankali, ya rufe baki da tafin hannu, bai cire ba har aka tashi.

An ba ta jakar lakwal da takardar yabo. Kamal ya wuce, uwarsa ta rungume shi tana kuka, tana gama kukan ta tambaye shi yadda aka yi ya kuskure tambayar kogi. Na nemi ɗaya daga ma'aikatan in ba da haƙurin hayaniyar da muka yi. Ya ce, "Ba komai, Baba. Irin wannan wani lokaci muna yankewa, wani lokaci in ta yi daɗi mu bari." Na ce yaushe za a nuna? Ya ce sai an gama haɗawa.

Dawowa Lawali ya naɗe fuska da rawani ya zauna gaba. Ko tambaya ɗaya bai jefo ba. A iyaka muka sake faɗawa hannun saurayin nan, ya gane mu, ya ce masa cikin wasa, "Yanzu ka tuna sunan?" Lawali ya karɓi takardunsa ya wuce. Ni kuma lissafi nake: ba mu ci ba, na saɓa wa Lawali; yarinya tun Sakkwato ba ta ce uffan ba, na saɓa wa Inna; kuma tarbiyyar da na yi alfahari da ita a mota ita ta kayar da mu. Ko kuwa ba ita ba ce? Ban sani ba.

A tashar Madawa muna jiran motar Buza ta cika, Lawali ya ce zai je ya ga wani, ya ɓace. Na saya mata rake, muka zauna kan buhu. Tana cikin sha sai ta ce, "Baba Tela."

Na ce na'am.

"Tele na kama muryar wanda ba a nuna ba?"

Na buɗe baki in amsa, sai na gane abin da ya faru: ba ni na tambaye ta ba, ita ta tambaye ni. Na ce, "Ban sani ba, Balkisa."

Sai ta ce, "Mi ya sa suka sa sukari da yawa cikin fura?" Na ce ban sani ba. "Shi Kamal in ya ci duka, uwarshi za ta bar shi ya huta?" Ban sani ba. "Kekunan nan masu ƙafa uku ba su faɗuwa?" Tun daga Madawa har Buza tana tambaya, ko ɗaya ban iya amsawa ba, kuma ban taɓa jin daɗin jahilcina kamar ranar ba. Lawali na gaba yana ji, bai waiwayo ba, amma ya sassauta rawanin daga kunnensa.

Da muka isa Inna ta ce, "Kun ci?" Na ce ba mu ci ba. Ta saurara, muryar Balkisa na tashi daga tsakar gida tana ba ƙannenta labarin banɗakin kujera. Inna ta ce, "To mi kuma anka rasa?" Sai na gaya mata abin da Lawali ya yi.

"Da bakinshi?"

"Da bakinshi, Inna. Sau biyu."

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane da na'urori."

Ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na motsi, har yau ban san ko dariya take ko wani abu ba. Da ta sauke zanen ta ce, "Ubanku har ya koma ga Allah bai kira naka ba." Ni ne na farinsu. Na san da haka tun ina yaro, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba, sai ranar na fita na zauna a shago na kasa zura zare.

Yanzu an daina tambayar bango. Ta koma rijiya, rigar da na rage ta fara matse ta. Lawali ya koma "waccan" da "ke", kamar ba abin da ya faru. Amma Balkisa duk ta biyo ta shago sai ta tambaye ni ko an nuna. Ba kanta take son gani ba, na tambaye ta, ta ce ta san kamanninta. Shi ma Lawali yakan zo ya zauna, ya yi ta juya almakashina, sannan ya ce wa bango, "Ba wanda ya ce ya gani?" Na kasa gane ko so yake a ce an gani ko a ce ba a gani ba. Shi ke da babbar salula, ya ƙi nema. Telen garinmu kuwa ba ta kama tashar.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen Sakkwato da Illela da Kwanni: in kun ga shirin gasar yara da wata yarinya mai koren hijabi daga Adar, da wani dattijo mai farar hula tsaye bayanta yana zufa, ku taimaka ku gaya mini, wajen ƙarshe, kafin yaron ya taɓa maɓalli, ana jin wata murya daga cikin mutane? Ku bar saƙo wurin masu buga wannan rubutu, zai iso ni. In an yanke, ku faɗa mini gaskiya, in san abin da zan gaya mata. In kuma ba a yanke ba, wanda ya iya ya turo mana guntun wurin, ko hoton bai fito ba, muryar ta isa. Don yarinyar nake roƙo. Amma tun da na ce ba zan ɓoye komai ba: ina wurin aka yi, sai dai tsoro ya hana ni ji da kyau, kuma ni ma ina so in ji yadda sunan ɗan fari ke fita daga bakin uba.